Ruwan Sinyora

Muros, 28 ga Afrilu, 1987

Eladio,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da siminti da mutanen Basel. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu tana gaya mini za a yi ruwa kwana biyu kafin rediyo ya sani, ban da ita ba abin da ke damuna. Kasuwar Ista ta yi kyau, an gode Allah.

Wasiƙarka ta iso ina tsakiyar gyaran kifi, na karanta ta da jini a hannu. Shafi uku, ko layi ɗaya ba ka tambayi gwiwata ba. Wato Don Casto mai kantin magani ya leƙa tagar ɗakin ƙasa, ya ga abin da ya gani, bai samu sukuni ba sai da ya sayi kan sarki ya kai maka rahoto. Mutumin da ba ya sayen kifina sai ya shinshina shi sau uku.

To, ban musa ba. Na zuba ƙaguwoyina a tankinka na gilashi. Manyan nan masu ƙaya a baya, guda takwas, kwana shida. Jirage sun shigo da su kamar kyauta mako guda kafin Ista, kowa kuma ya san ranar Alhamis mutanen Santiago za su gangaro da motocinsu su saya ko nawa aka yanka musu. Ƙaguwa in ta mutu shara ce. Ga ruwan teku mai sanyi a gidan marigayiya ƙanwata, injin iska yana ta kumfa, makulli kuma yana aljihuna domin kai ka ba ni. Kai da ka bar garinku kana ɗaukar bulo a ƙasar wasu, gaya mini abin da za ka yi.

Ga ɓarnar, tun da ka fi son a jera maka abu. Jar ciyawar tekun nan sun yayyage ta sun manna a bayansu kamar masu zuwa biki, haka halinsu yake. Ƙaramar koriyar ƙaguwarka ta rasa hannu ɗaya, zai sake fitowa. Cikin ƙananan furannin teku, ɗaya ta ɓace. Ita kuwa babbar, jar nan da matarka Sabela ta raɗa wa suna Sinyora, wato uwargida, ta dunƙule kamar tumatir tun daga ranar, har yau ba ta buɗe ba. Na miƙa mata naman baƙar ƙumba a bakin tsinke, ta ƙi. Ba ta mutu ba. Na san warin abin teku da ya mutu fiye da yadda ka san warin safarka. Fushi take yi, a gidan ta koya.

Ni dai har yanzu ban ga abin da kuka gani a jikinta ba. Ita ba kifi ba, ba fure ba, baki ne kawai da yatsu a manne da dutse, sai an ba ta ta ci. Irin su muna da su da yawa a ofishin magajin gari.

Dokokinka goma sha huɗu da ka manna a ƙofa suna nan, raɓa ta fara cin ta tara.

Yayar matarka,
Herminia


Basel, 17 ga Mayu, 1987

Yaya Herminia,

Ina gaishe ki. Yaya gwiwa? Ga shi na tambaya. Ni bayana ne ke ciwo, muna hawa na shida, mu huɗu a ɗaki, ɗaya yana tari.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda kika ce ki yi haƙuri, ban gani ba. Kin ba ni labarin farashin ƙaguwa.

Bari in tuna miki, ko kin manta. Shekara ashirin da biyu ke nan, watan da muka yi aure, Sabela ta ɗauko Sinyora daga ramin dutse a bayan hasumiyar fitila mai haska wa jirage hanya, da dutsenta gaba ɗaya, a cikin bokitin madara. Ni na haɗa gilashin da hannuna. Allah bai ba mu haihuwa ba, kin sani, ba kuma zan ce dabbar ruwa ta zama 'ya ba, ni ba mahaukaci ba ne. Amma da na iso a watan Nuwamban bara na tarar an riga an rufe akwatin gawa, na sauka ɗakin ƙasa, ita kaɗai ce abin da ke motsi a gidan. Tsinken saƙar da Sabela ke ba ta abinci da shi yana nan a kan gilashin inda ta ajiye.

A cikin wannan ruwan kika zuba hajarki.

Furen teku ba ya dunƙulewa wata guda don fushi. Ruwan ne ya ƙazantu. Ga abin da nake so, yana kuma cikin dokokin da raɓa ke ci. Kowane mako biyu a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba sabo. Sabon daga duwatsun bayan fitila, lokacin da teku ke cikowa, ba na tashar jirage mai man inji ba. Abinci sau biyu a mako, kamar ƙwayar wake, abin da ta ƙi ci a tsame shi. Kada a sake saka komai mai rai.

In ya fi ƙarfinki, ki ba Don Casto makullin, shi yana da littattafai a kan abin. Ba zan ga laifinki ba. Ke ba ki taɓa riƙe abin da ba na sayarwa ba.

Sai Disamba, in Allah ya kai mu. Ina so in tarar da ita a buɗe.

Eladio


Muros, 24 ga Yuli, 1987

Eladio,

Ina lafiya, gwiwa ta lafa da zafin nan. Da fatan bayanka ya saki.

Wata biyu ban rubuta ba, domin abin da hannuna ya so rubutawa sai na kai shi gaban limamin coci neman gafara, shi kuma tsoho ne, zuciyarsa ba ta da ƙarfi.

Ban taɓa riƙe abin da ba na sayarwa ba. Na haddace layin, har a kasuwa nakan maimaita shi ina yanka kan kifi. Wata bakwai ina riƙe da kan Sabela a cinyata. Ni na juya ta, ni na wanke ta, ni na bar teburina a hannun maƙwabciya har masu saye suka manta hanyarsa. Kai kana can kana jiran takardar aiki ta cika. Ban ce ka ƙi zuwa ba, na san in ka fasa kwangila ba sa sake ɗaukarka. Amma ko a nawa na sayar da ita, Eladio? Ka tambayi Don Casto, wataƙila yana cikin littattafansa.

Yanzu labarin gimbiyarka. Ta buɗe ranar tara ga Mayu, wasiƙarka ma ba ta baro Basel ba. Na sauko da safe na tarar ta baje yatsunta kamar matar likita a baranda. Na ba ta naman ƙumba da tsinken Sabela, ta naɗe shi ta tura ciki ba godiya. Ƙaguwarka ta sake ɓawo, hannun ya fito ɗan ƙarami kamar na jariri, tuni ta fara satar abincin wasu da shi. Ciyawa na samo sabuwa da dutsenta, koriya mai faɗi da ja mai gashi. Jar tana kamawa, koriyar tana ruɓewa, na kwashe ta.

Ruwa kuwa, a kaina nake ɗauko shi, bokiti biyu sawu biyu, da wannan gwiwar, daga bayan fitila har gida. Masu yawon hutu sun ɗauke ni hoto. Ɗaya ya tambaya ko al'ada ce. Na ce masa e, al'adar gidanmu ce mace ta yi wa mijin ƙanwarta bauta.

Abin da dokokinka ba su ambata ba shi ne zafi. Mako biyu ke nan ɗakin ƙasa ya yi ɗumi, na sa hannu a ruwan na ji shi kamar romon da ya huce. Kullum in na tashi kasuwa ina taho da ragowar ƙanƙarar teburina, in ɗura a kwalabe, in toshe, in saka su yi iyo. A toshe, ka ji, don kada ka rubuto shafi uku. Na san in ƙanƙara ta narke a ciki kai tsaye gishirin ruwan zai ragu.

Bikin Karme ya yi armashi bana. An zaga da mutum-mutumin Maryamu a jirgi, an jefa furanni don waɗanda teku ta riƙe. Masunta sun sha ruwan inabi mai yawa, sun yi wa mai shi addu'a. Na kuma share maka ɗakin ƙasa, har manyan tulunan gilashin nan tara na wanke.

Makulli yana aljihuna.

Herminia


Muros, 29 ga Satumba, 1987

Eladio,

Lafiya lau. Tun da ta Yuli ba ta samu amsa ba, ba zan ɓata tawada ba.

Yau kwana tara iskar kudu ke kaɗawa. Na daina zuwa bayan fitila, ban kuma san ranar komawata ba. Abinci na mayar da shi sau ɗaya a kwana goma. Ƙaguwarka na tsame ta na dafa da shinkafa, ba ta da wani nama.

Herminia


Basel, 8 ga Oktoba, 1987

Yaya Herminia,

Ina gaishe ki don ladabi.

Ban amsa ta Yuli ba saboda na rasa abin faɗa, na yi ta juya ta a aljihu har ta yage. Na yi niyyar in na zo mu zauna. Ashe ke kin riga kin yanke hukunci.

In kina da magana da ni, ga ni. Me dabbar da ba ta da ido ta yi miki? Kin hana ta ruwa, kin hana ta abinci, kin cinye maƙwabciyarta, sannan kin aiko mini da labarin iska. Iskar kudu tana kaɗawa tun kafin a haife mu, ban taɓa jin ta hana mutum ɗaukar bokiti ba. In gwiwa ce, sai ki ce gwiwa ce. Amma wannan ramuwa ce, kin kuma zaɓi inda zai fi yi mini ciwo, kamar yadda kika iya zaɓen inda za ki sa wuƙa.

Na rubuta wa Don Casto yau. Zai zo da mota da jarkoki, ya ɗebo ruwan bayan fitila ya canza rabi a tashi ɗaya. Ki ba shi makullin. Gidana ne. In na dawo na tarar da dutse babu komai a kansa, ni da ke sai dai gaisuwar coci.

Eladio


Muros, 21 ga Oktoba, 1987

Eladio,

Ina lafiya, kuma ba don addu'arka ba. Ka zauna kafin ka karanta, bayanka ba zai ɗauka a tsaye ba.

Manzonka ya zo ranar Asabar da yamma, da farin takalmi da jarkoki biyu cike, da wasiƙarka a hannu kamar sammacin kotu. Ya tarar da ni zaune a kan matakalar ɗakin ƙasa ina wasa wuƙata, domin Asabar nake wasa ta, ba don shi ba. Ya ce makulli. Na ce ya fara nuna mini hajarsa. Ya zuba a kofi ya ɗaga wa haske, wai in duba, garau yake kamar hawaye. Na tambaye shi ko ya san mako uku ke nan an hana ɗebo ƙumba a duk gadajen katakon da ake kiwonta a bakin tekun nan, matan kamfanin gwangwani suna zaune a gida suna saƙa. Ya ce ya sani, ciwon tekun nan ne da ake kira jan ruwa, amma littafi ya ce mai cin ƙumbar yake cutarwa, ba furen teku ba.

Na ce, “Don Casto, kai kana sayar da magani ba ka taɓa ɗanɗana shi ba. Ni ba na sayar da abin da ban gwada ba. Kawo kwano biyu.”

Kwano ɗaya ruwansa, ɗaya nawa. Kowanne na saka jatan lande shida masu rai daga teburina, muka ajiye a inuwa, na kulle ƙofa a gabansa. Ranar Litinin muka buɗe tare. Nawa suna ta tsalle. Nasa ruwan ya koma kalar shayi, yana warin ƙwai, duk shidan sun kwanta a gefe sun yi fari. Nan take ya fara yi mini bayani, wai ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, in suka shiga ruwan da ba ya gudu sai su mutu su ruɓe su shanye iskarsa. Ya yi ta zubo shi kamar shi ya gano. Na bar shi ya gama, na ce ya kwashe jarkokinsa kada su ɓata masa takalmi.

Rabin tanki ka ce ya canza da wannan, a tashi ɗaya.

Za ka ce ina na samu nawa ruwan. Daga tulunanka tara. Na ɗura su a watan Agusta teku tana da lafiya, na toshe, na jera a duhu. Ruwan teku in ya kwana a duhu sai ya ƙara kyau. Ba dabarata ba ce, ta matarka ce. Wannan ciwon na teku ya fara yawa ne bayan ka fara tafiya, kusan duk kaka in iskar kudu ta daɗe. Shekara goma sha ɗaya Sabela tana yin haka, ni ke kama mata ɗauka. A Yuli ta kyautar da ruwan inabinka ga masunta ranar Karme, a Agusta ta cika tulunan da ruwan teku, a ƙarshen Nuwamba ta wanke su da ruwan zafi ta sake cika su da na kanti kafin jirgin ƙasarka ya iso. Ruwan inabin ƙauyen kawunka da kake tara maƙwabta duk Kirsimeti, kana kurɓa kana lumshe ido kana cewa shekaru sun gyara shi, na kantin bakin tasha ne, mai araha, ɗan wata biyu. Ni da ita mukan shiga kicin mu toshe baki da tsumma.

Ƙanƙarar ma haka, duk bazara daga teburina take fitowa. Rage abinci ma haka, domin in ruwa ya yi ƙaranci sai a rage abin da ke ƙazanta shi. Ƙaguwa ita ta fi kowa ɓata ruwa, Sabela takan mayar da ita teku ta kamo wata kafin ka zo. Kana tsammanin guda ɗaya ce tun da can? Ni ban ga amfanin jefa ta cikin ruwa marar lafiya ba, shi ya sa ta bi shinkafa.

Kai ka san tankin nan ne daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ko a bokiti ka ajiye Sinyora za ta rayu. Dokokinka goma sha huɗu dokokin sanyi ne. Sauran wata takwas ba ka taɓa ganinsu ba, ba ka kuma taɓa tambaya ba.

Abu ɗaya zan faɗa, sau ɗaya, kada ka nemi in maimaita. Duk Ista Sabela takan bar ni in saka ƙaguwa uku. Bana na saka takwas, domin ba wanda zai tsaya a ƙofa ya ce Herminia ya isa. Wannan laifina ne.

Saura tulu biyu. Iska ba ta juya ba. Sinyora ta rame, tana buɗewa rabi. In aka ƙara mako biyu a haka ban san abin da zan yi ba, littafin Don Casto ma bai sani ba.

Makulli yana aljihuna. In kana so, ka zo ka cire shi da hannunka.

Herminia


Basel, 1 ga Nuwamba, 1987

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gwiwa, wannan karon ba don ladabi ba.

Na karanta a zaune kamar yadda kika ce. Da na zo wurin ruwan inabi na yi dariya har mai tarin nan ya tambaya ko lafiya, daga nan kuma na kasa ci gaba sai bayan aiki.

Ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya tana rubuto mini duk wata, kullum sai ta ce Sinyora tana lafiya, layi ɗaya. Na ɗauka abin layi ɗaya ne.

Maganar da na faɗa miki a watan Mayu, ba ni da hanyar mayar da ita cikin ambulan. Na dai san ƙarya ce tun ina rubuta ta.

Ki rubuto mini dokokin sauran wata takwas ɗin, in manna a ƙasan nawa. Kafin nan ki gaya mini abu ɗaya, ko a bayan kati ne. Iska ta juya?

Eladio


Muros, 15 ga Nuwamba, 1987

Eladio,

Lafiya ƙalau, gwiwa ta dawo bakin aikinta, wato sanyi ya shigo.

Ta juya. Ranar da muka kai furanni maƙabarta na ji ta a ƙeyata, daga arewa, ina tsaye a kan kabarin Sabela. Na ce wa iskar ta makara amma an gode. Na jira kwana takwas har aka buɗe gadajen ƙumba, matan kamfani suka koma aiki, sannan na sake gwajin kwano kafin in yarda. Tulu na ƙarshe ya ƙare ana gobe zan ɗebo sabon ruwa.

Da sabon ruwa ya shiga, gimbiyarka ta baje har ta rufe dutsenta. Kwana uku bayan haka na tarar ta tofo 'ya'ya ta baki, goma sha ɗaya, kowace kamar ƙwayar wake, jajaye, sun riga sun manne suna miƙo yatsu a ba su. Halin uwarsu sak.

Dokoki ba zan rubuta ba. Ƙanwata ba ta rubuta ba, ɗauka ta yi. In kana son sanin wata takwas, ka gaya wa masu siminti su nemi wani bayan, ka zauna shekara guda ka ɗauki bokiti. Tulunanka suna nan a wanke, babu komai a ciki. Ni ba Sabela ba ce, ba zan cika maka su ba. Kantin yana bakin tasha, ka san ɗanɗanon kayansu.

Za ka ƙirga 'ya'yan ka ga goma. Ɗayar tana wurina da ɗan dutsenta, a kwalbar zaitun, ina kafa ta cikin ƙanƙara a kusurwar teburina, kullum in canza mata ruwa. Jiya wata mata daga Madrid mai gilashin ido a goshi ta tsaya ta tambaya nawa. Bakina ya buɗe zai yanka mata kuɗi yadda ya saba shekara arba'in, sai na ji ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ta ƙara, ta sake ƙarawa. Na ce ta matsa, tana tare mini masu sayen kifi.

Kai ma kada ka sa rai. In ka iso ka ƙwanƙwasa ƙofata, in ba ka makullinka. Ta cikin kwalbar kam tawa ce.

Yayarka,
Herminia